Karatun Gindin Kwanso: Gane Tsofaffin Harsasan Yaƙi da Tara Marasa Rai

Idan ka kifa kwanson harsashin igwa na yaƙin duniya na farko, ka share ƙurar da ke gindinsa, zai gaya maka ƙasar da ta ƙera shi, da masana'antar da ya fito, da shekara, wani lokaci har da wata, da ko sau nawa aka sake cika shi aka mayar fagen fama. Wannan karatun shi ne ke jan mutane a Ingila da Faransa da Beljiyam da Amurka zuwa tara tsofaffin kayan yaƙi. Amma sana'a ce da kuskure ɗaya ke isa, don haka kafin maganar tambari da lamba, dole a fara da sanin sassan abin, a san wane sashe ne ke kisa.

Harsashin igwa kashi biyu ne. Akwai kwanso, wato gwangwanin tagulla da ke riƙe albarushin da ke tura harsashi. A tsakiyar gindinsa akwai 'yar hula wadda allurar igwa ke sara ta kunna wuta. Da an harba, kwanso yana zama a wurin igwa, fanko. Sai kuma kai, dunƙulen ƙarfen da ke tashi ya tafi wurin abokan gaba. A cikin kan ne ake ɗura nakiya ko gubar gas ko ƙwallayen dalma. A hancinsa, wani lokaci a gindinsa, ake ɗaura fiyus, na'urar da ke tayar da nakiyar idan lokaci ya cika ko idan ya daki ƙasa. Kusa da gindin kan akwai ɗamarar jan ƙarfe da ta zagaye shi. Kwanso fanko tukunya ce kawai. Kai da fiyus su ne inda ajali yake.

Abin da ake nufi da marar rai

A bakin masu wannan harka, marar rai shi ne abin da babu ko ƙwayar albarushi ko nakiya a kowane lungu nasa: ba a cikin ciki ba, ba a cikin fiyus ba, ba a cikin hula ba. Tsufa ba ya mayar da abu marar rai. Tsatsa ma haka. Shekara ɗari a cikin laka ba ta kashe nakiya, sau da yawa ma ƙara mata saurin fushi take yi. Maganar mai sayarwa cewa "ai kakana ya daɗe da ajiye shi a kan tebur" ba hujja ba ce, domin harsasai da dama sun yi shekara hamsin ana tokare ƙofa da su kafin masu kwance bam su duba su tarar cike suke.

Hujja ɗaya ce: gani ya kori ji. Kayan da za ka saya ya zo maka a buɗe tun daga hannun mai shi, fiyus a cire, murafe a kwance, ka haska tocila ka ga ƙarfen ƙasan ramin da idonka, ka zura siririn tsinken itace ya taɓa gindi, tsawon da ya shiga ya yi daidai da tsawon jikin daga waje. In tsinken ya tsaya a rabi, akwai abin da ya tare shi, kuma ba aikinka ba ne ka gano mene ne. Fiyus ma haka, a gan shi a warware, kowane rami a wofi. Dillalan kirki a Ingila suna haɗawa da takardar shaida mai haruffa FFE, wadda ke cewa ƙwararre ya duba ya tabbatar babu nakiya. Takardar tana da amfani, amma a duba lambar da ke jikinta ta dace da ta kayan, kuma ba ta maye gurbin ido.

Abin da ba a yi, ko kusa, shi ne mai tarawa ya ce zai buɗe rufaffen abu da kansa. Ba a kwance fiyus, ba a huda da na'ura, ba a sa zarto, ba a ɗumama da wuta don tsatsa ta saki, ba a jijjigawa a kunne don a ji ko akwai wani abu a ciki. A watan Fabrairu na 2008, a jihar Bajiniya ta Amurka, wani mutum da ya yi shekaru yana gyara harsasan yaƙin basasar ƙasar ya rasu a ƙofar gidansa lokacin da wani ƙwallon igwar jirgin ruwa da yake aiki a kai ya tashi. Ƙwallon ya haura shekara 140, kuma ɓaraguzansa sun kai wani gida mai nisan kusan mita 400. Gwani ne, ba sabon shiga ba. A watan Maris na 2014 kuma wani harsashi na yaƙin farko ya kashe ma'aikata biyu a wurin gini a Ipir ta Beljiyam. Har yau manoman wannan yanki suna tono harsasai da garma kowace shekara, su ajiye a bakin gona, rundunar kwance bam ta sojan ƙasar, DOVO, ta bi ta kwashe.

Karatun kwanso

Wanda ke son shiga wannan fage ya fara da kwanso, kuma a ganina ko a nan ya tsaya bai yi asara ba. Kayan aiki kaɗan ne: ma'aunin kalifa don faɗin baki da gindi, rula, tocila, gilashin ƙara girma, da ɗan maganaɗisu. Ana auna abu uku, faɗin baki, tsawo, da faɗin leɓen gindi. A littattafan masu tarawa ana rubuta su a haɗe, misali 75x350R, wato baki milimita 75, tsawo 350, harafin R kuma yana nufin gindin yana da leɓe da ya fito waje.

Kafin komai a dubi hula. In allura ta sare ta, za ka ga ɗan lotsawa a tsakiya. In sumul take babu sara, ana ɗaukarta mai rai, ko da kwanson fanko ne, kuma hular igwa ba ƙaramar wuta ke cikinta ba, tana iya cire yatsa ko ido. Mafi kwanciyar hankali shi ne kwanson da aka sare hularsa kuma kana hango ramin wutar daga ciki babu komai, ko wanda aka cire hular gaba ɗaya.

Na Ingila da aka fi samu shi ne na igwar da suke kira mai laba 18 saboda nauyin kan harsashinta, wadda ita ce ƙashin bayan sojan igwarsu daga 1914 zuwa 1918. Bakinsa kusan milimita 84, tsawonsa 295. A gindi za ka ga 18 PR, sai lambar samfuri da haruffan Rumawa, galibi II, sai tambarin masana'anta, da shekara, da wata alama mai kama da sawun kaza, kibiya mai layi uku, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. In kibiyar tana cikin harafin C, Kanada ce ta ƙera. Haruffan CF suna nufin an cika shi da cikakken awon albarushin kodayit. Abin da ya fi daɗin gani shi ne inda aka ƙara wani F ko biyu a gaba: kowane ɗaya yana nufin an tattaro kwanson daga fagen yaƙi, an mayar masana'anta, an gyara, an sake cikawa. Shi ya sa shekarar da ke jikin hula takan bambanta da ta kwanson. Kwanso na 1915 da hula ta 1917 ba jabu ba ne, soja ne da ya je yaƙi ya dawo ya sake komawa.

Sabon shiga yakan rikita shi da na mai laba 25 ta yaƙin duniya na biyu, don tsawonsu ya yi kusa. Bambancin a baki yake: na mai laba 25 ya kai kusan milimita 88, kuma jikinsa miƙe yake babu 'yar kafaɗa, domin ba a manne kai a jikinsa, daban ake zura kowanne a igwa.

Na Faransa shi ne na shahararriyar igwarsu mai milimita 75, samfurin 1897. Dogo ne siriri, 350 a tsawo. Rubutun gindinsa 75 DE C, wato ta fagen daga. Sai haruffa uku na masana'antar gwamnati: ABS na Burje, ATS na Tarbe, ARS na Ren, APX na Futo. Bayansu lambar rukuni da harafin L, sai shekara da lamba biyu. Wannan kwanson ne aka fi mayarwa tulun furanni, a bubbuga masa zanen ganye ko sunan wani gari kamar Bardan. Yawancin irin waɗannan ba sojoji ne suka yi su a ramukan fagen daga ba kamar yadda masu sayarwa ke so ka ɗauka. Bayan yaƙi aka yi su, a hannun maƙera da mutanen gari da ke sayar wa masu ziyarar filayen daga. Wannan bai rage musu daraja ba, amma kada a biya kuɗin labarin da ba a tabbatar ba.

Jamusawa sun fi kowa sauƙaƙa wa mai karatu. A kwanson igwarsu mai santimita 7.7, gajere mai tsawon 230, sukan rubuta sunan masana'anta ɓaro-ɓaro, PATRONENFABRIK KARLSRUHE ko POLTE MAGDEBURG, wata a gefe ɗaya, shekara a ɗaya gefen. A nan akwai tarko guda. Haruffan St a kwanson yaƙin farko suna nufin an ƙarfafa jikinsa. A na yaƙi na biyu kuwa St na nufin ƙarfe ne ba tagulla ba, don a lokacin jan ƙarfe ya yi musu ƙaranci, har sukan yi wa kwanson ƙarfe wankan tagulla. Maganaɗisu ne ke raba gardama: ya kama, ƙarfe ne. A yaƙi na biyu kuma sun daina rubuta suna, sun koma haruffan sirri, aux misali shi ne Polte ɗin nan dai, tare da ƙaramin tambarin gaggafa na masu duba kayan soja.

Akwai kwanso mai baki 75 da ya shafe mu kai tsaye, kuma gajere ne ƙwarai idan aka jera shi da na Faransa. Na ƙaramar igwar dutse ce ta kamfanin Vickers da Maxim, wadda ake warwarewa kashi-kashi 'yan dako su ɗauka a ka. Irinta rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma ta zo da ita Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma da ita aka yi yaƙin Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora kuma ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Duk wanda ya ga gajeren kwanso mai wannan awo a gidan tarihi, to ya tsaya ya karanta gindinsa da kyau.

Ƙananan kwansayen bindiga ma karatu ɗaya ne. Na .303, harsashin bindigar da kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, yana da leɓe, tsawonsa milimita 56. K na kamfanin Kynoch ne, R da L da kibiya a tsakani na masana'antar gwamnati ta Wulwic, RG na Radway Green, KF na Kirki a Indiya, DAC na Kanada. VII samfuri na bakwai ke nan. A na 7.62x51 na baya-bayan nan, gicciye a cikin da'ira alamar ƙawancen NATO ce, OFN kuma na masana'antar Kaduna ne. Harsashin koyon ɗura bindiga na Ingila ana gane shi da farin jiki, da kwarmi uku a tsaye da aka shafa wa jan fenti, da ramin hula a wofi.

Kai da ɗamararsa

A nan ake rage gudu. Abu na farko da ido zai nema a jikin kai shi ne ɗamarar jan ƙarfen nan. Cikin bututun igwa akwai tsaga masu murɗawa da ke sa harsashi juyawa kamar katantanwa. Idan aka harba, tsagar tana cizon ɗamarar ta bar mata zane a karkace. Ɗamara sumul, ba a harba ba. Ɗamara mai zane, an harba. Kai mai zanen harbi wanda fiyus ke hancinsa har yanzu shi ne mafi muni a duk abin da ake tsinta, domin ƙarfin harbi da juyawa sun riga sun zare makullan da ke cikin fiyus, abin da ya rage kawai ɗan motsi. Irinsu ba su da iyaka a ƙasar Faransa: a mako guda kafin 1 ga Yuli 1916, igwogin Ingila sun harba sama da miliyan ɗaya da rabi a bakin kogin Som, kuma da yawa ba su tashi ba.

Akwai kai ɗaya da ake samu an harba kuma fanko, shi ne mai ƙwallayen dalma. Na mai laba 18 yana ɗauke da kusan 375. Fiyus mai auna lokaci, lamba 80, mai zobba masu lambobi a jikinsa, yana kunna ɗan albarushi a gindi a sararin sama, wani faifan ƙarfe ya tunkuɗo ƙwallayen ta hanci kamar bindigar toka, gangar jikin ta faɗo ba ta fashe ba. Shi ya sa ake samunta da baki a buɗe. Duk da haka sai an ga ƙasan ramin. Wadda laka ta toshe, ko faifan ya maƙale a tsakiya, ba ta ci jarrabawa ba.

Dalilin da ya sa tsufa ke ƙara haɗari yana cikin sinadarin. Ingila da Faransa sun yi amfani da nakiyar fikirik, mai launin rawaya, Japan kuma ta ci gaba da ita har yaƙi na biyu, abin lura ga duk kayan tsaraba da aka ce daga Bama suka fito. Idan ta daɗe tana taɓa ƙarfe ko dalma ko jan ƙarfe, tana haifar da wani gishiri da gogayya kaɗan ke tayarwa, kuma yakan taru daidai cikin zaren murfi. Murɗa fiyus kwata ɗaya ya isa. Duk inda ka ga rawayan ƙyalli kamar gishiri, ko wani maiƙo yana tsattsafowa daga haɗin ƙarfe, a bar ɗakin. Masu gas kuwa, har da na gubar mastad da aka fara harbawa a 1917, daga waje ba su da bambanci da sauran idan fenti ya goge, kuma tsatsa na cinye jikinsu har su fara yoyo. Farin fosfarus shi ma yana nan: da ya sha iska yake kamawa da wuta.

Gurneti da maganar fenti

Gurnetin Mills, wanda William Mills na Bamingam ya fitar a 1915, shi ne wanda kowa ke ganewa da jikinsa mai gaɓa-gaɓa kamar abarba. Lamba 5 ce ta farko, sai 23 mai rami a murfin gindi don ɗaura sandar harbawa da bindiga, sai 36 wadda ta yi aiki har bayan yaƙi na biyu a Ingila da ƙasashen rainonta. Shekara da sunan masana'anta suna jikin murfin gindi. Wurare uku ake dubawa, kuma a buɗe mai sayarwa zai kawo su: ramin ɗura nakiya da ke kafaɗa, bututun tsakiya inda allura take, da ɗan bututun gefensa inda abin tayar da nakiya ke zama. Na koyo na Ingila fari ne, an huda jikinsa. Na Jamus mai mariƙin itace, samfurin 24, na koyonsa jan kai gare shi mai huji. Na Amurka, Mk 2, a farkon yaƙi na biyu rawaya ake shafa masa, daga baya aka koma koren soja da siririn zobe rawaya a wuya.

Fenti shaida ce, amma mai rauni. A tsarin NATO na yanzu rawaya nakiya ce, baƙi mai huda sulke, kore mai haske hayaƙi, toka-toka sinadari mai guba, shuɗi mai haske na atisaye. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar shuɗi a matsayin marar rai. Na atisaye da yawa suna da fiyus na gaske da ɗan albarushin da ke nuna inda suka faɗa, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin yana raba mutum da hannunsa. Ban da haka, kafin a daidaita tsarin kowace ƙasa da nata launukan, ga shi kuma kowa na iya sayen gwangwanin fenti.

Jabu

Kama da wane ba ta wane. Gurnetin Amurka da na Jamus su aka fi kwaikwaya. Ana gane sabon zubi da kaurin layin haɗi, da gaɓoɓi marasa kaifi, da tsatsa mai launin lemo da ta kwanta bai ɗaya ko'ina, alamar an jiƙa shi da ruwan gishiri ne a bayan gida. Tsatsar shekaru duhu gare ta kuma ba ta daidaita. Tambarin da aka buga jiya bakinsa na da kaifi, cikinsa na ƙyalli. An fi yin haɗe-haɗe ma fiye da jabu tsantsa: jiki na gaske, hannu da zobe sababbi, murfin gindi na wata shekara. Ba laifi a saya in an faɗa, kuma kuɗin ya nuna haka.

Ƙwallon igwa irin na da, mai siffar ƙwallo sosai, nasa rikicin daban. Da yawa da ake sayarwa ƙwallayen niƙa ne na masana'antar siminti ko ma'adinai. Na gaske awonsa daidai yake da wata igwa sananniya: na mai laba 12 faɗinsa kusan santimita 11.5, nauyinsa wajen kilo 5.6 idan dunƙule ne. Wanda ke da toshe na itace ko tagulla ko wani farin ƙarfe a jikinsa ba dunƙule ba ne, cikinsa albarushi ne, kuma baƙin albarushi in bai sha ruwa ba ba ya tsufa. Irinsa ne ya yi kisan Bajiniya.

A ƙasarmu

Wannan sha'awa ta yi ƙarfi ne a ƙasashen da doka ta ba ta wuri. A Nijeriya lamarin daban yake, kuma gara a faɗa a fili. Dokar makamai ta sa igwa da bam da gurneti cikin haramtattun makamai, kuma ma'anar harsashi a cikinta ta haɗa da sassansa. Jami'in da ya tarar da gurneti a jakarka a shingen bincike ba zai tsaya karanta takardar FFE ba, kuma a halin tsaron da ake ciki ba za a ga laifinsa ba. Kada a yi odarsa daga waje, kada a sa shi a kayan jirgi. Hukumar binciken filayen jiragen Amurka ma ta hana gurneti marar rai da na kwaikwayo a jakar hannu da ta awo duka. Mai sha'awa a nan ya tara ilimin da hotuna da awo, ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahiya inda kayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suke, har da nakiyar Ogbunigwe da 'yan Biyafara suka ƙera. In gadon gida ne, kamar kwanson da kaka ya dawo da shi daga Bama, a nemi sashen kwance bam na 'yan sanda su duba, a kuma yi shawara da gidan tarihi.

Amfanin wannan ilimi a wurinmu ya fi ƙarfi ta wajen 'yan gwangwan da yaran da ke tsintar ƙarfe. A Borno da Yobe an sha rasa rayuka saboda wani ya tsinci abu a daji ya kai gida ko wurin awo, ya sa guduma don ya raba tagulla da ƙarfe. Mutanen Legas kuma ba su manta 27 ga Janairu 2002 ba, ranar da rumbun makaman barikin Ikeja ya tashi, sama da mutum dubu suka rasu, harsasai suka warwatsu cikin unguwanni. Wanda ya ga ƙarfe mai siffar kwalba ko tabarya, mai fikafikai a wutsiya ko ɗamarar jan ƙarfe, kada ya taɓa, kada ya jefe shi da dutse, kada ya tura shi rijiya ko masai, kada ya kai wa maƙeri. Ya koma ta sawun da ya zo, ya sa alama daga nesa, ya kori yara da dabbobi su yi nisan ɗaruruwan mita, sai ya yi nisa sannan ya buga waya ga 'yan sanda ko soja, ya sanar da mai unguwa.

Adanawa

Ga wanda ke inda doka ta yarda, ko ma'aikacin gidan tarihi, ɓarnar da aka fi yi wa kwanso ita ce ta son ƙyalli. Toka da tsamiya da lemun tsami da ake wanke tasa da su ba na nan ba ne. Toka da yashi suna cinye tambari, tsami kuma yana tsotse sinadarin zinki daga tagulla ya bar ta da jan dabbare-dabbare da ba ya gyaruwa. Man goge tagulla na gwangwani mai warin amoniya ya fi su illa a ɓoye. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 zinki, kuma matsar da aka yi mata wajen ƙira ta bar ta a ɗaure; amoniya na sa ta tsage, galibi daga baki. Sojan Ingila a Indiya ne suka fara lura da haka, lokacin da harsasan da suka ajiye a bargar dawaki da damina suka riƙa tsagewa saboda fitsarin dawakin.

Ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi da burushi mai laushi sun isa. A ɗauraye, a busar sosai ciki da waje, sannan a shafa siririn kakin adana kayan tarihi, irin Renaissance Wax, a goge da tsumman auduga. Duhun da shekaru suka ba tagulla a bar mata shi. Abin tsoro shi ne kore mai haske mai gari-gari da ke dawowa bayan an share. Gishiri ne ke cin ƙarfen, a ware wannan kwanson daga sauran a ajiye shi a busasshen wuri. Ƙarfe yana son laimar iska ta tsaya ƙasa da kashi 40. Da hunturu wannan ba matsala ba ce, damina ce ke ɓarna, don haka akwati mai rufuwa da ƙunshin silika mai shanye laima, ana busar da ita lokaci-lokaci. Kada a ajiye ƙwallayen dalma a akwatin katako mai tsami, suna yin farin gari mai guba. A sa safar hannu, don gumi na barin sawun yatsa da ba ya fita. Tsohon fenti ko ya kakkarce ya fi sabo daraja, kuma sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ba a kankare shi.

Kowane abu a ɗaura masa ɗan kati da zaren auduga, ba salatif ba, mai lamba. A littafi a rubuta lambar, da awo uku, da duk rubutun gindi yadda yake, da inda aka saya da ranar, da wanda ya duba ya tabbatar babu nakiya, a haɗa da hoton cikinsa a buɗe. Murafe da fiyus a bar su sako-sako yadda yatsa biyu za su kwance, kada a ɗaure da ƙarfi, kada a manne da gam. Dalili shi ne ranar da mai kayan ba ya nan: magada za su kira masu kwance bam, su kuma duk abin da ba su iya ganin cikinsa ba fasa shi suke yi. Kwafi ɗaya na littafin ya zauna cikin akwatin kayan, ɗaya a hannun wanda zai gaje su.